Jagora ga maigida, malami da iyaye: neman aiki mai kyau ba tare da karya gwiwar yaro ba

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a Damagaram cikin goman ƙarshe na azumi ya san yadda wurin yake kasancewa. Shadda da yadi a jibge, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, masu kaya suna leƙowa bayan shan ruwa suna tambaya ko nasu ya fito, don kowa so yake ya je kallon hawan Sarki da sabon ɗinki. A irin wannan dare ne yaron shago yake zura almakashi inda bai kamata ba. Wani yaron zai ɗauko yadin, jiki na ɓari, ya ce, "Maigida, na yi ɓarna." Wani kuwa naɗe shi zai yi ya cusa ƙarƙashin tuli, sai ranar jajibiri mai kaya ya zo asiri ya tonu, lokacin da babu sauran dabara.

Ba lallai ne yaro na biyu ya fi na farko mugun hali ba. Galibi maigidansa ne ya koya masa, da tsawa da harara, cewa a shagon nan ba a yafe kuskure. Wanda ya ce dole sai an yi masa aikin da babu aibi ko ɗaya, aibin ba ya daina zuwa, daina nuna masa ake yi. Wannan ita ce maganar da nake so ka riƙe a duk matakan da ke tafe, ko kai tela ne, ko baduku, ko mai gareji, ko malamin allo, ko mushe, wato malamin boko, a lakwal, ko uba, ko kuma ke uwa ce mai koya wa ɗiyarki girki.

Kada a ɗauka sakaci nake kira gare shi. Maigidan da duk abin da aka miƙo masa sai ya ce "ba laifi" shi ma cutar yaro yake yi, tasa cutar ma ta fi daɗewa, domin yaron zai je ya buɗe nasa shagon da karkataccen hannu. An ruwaito daga Manzon Allah (SAW) cewa Allah yana son idan ɗayanmu ya yi aiki ya kyautata shi. Shi ne kuma ya ce a sauƙaƙa kada a tsananta, a yi bushara kada a kori mutane. Duka biyun ake so su zauna a shago ɗaya.

Mataki na farko: raba kurakurai gida uku

Kafin ka sake ɗaga wa kowa murya, zauna kai kaɗai ka tuno abubuwan da ka yi faɗa a kansu a makon da ya wuce. Za ka ga ba jinsi ɗaya ba ne.

Akwai na amana da na tsaron rai. Ƙarya, taɓa kuɗin mai kaya, rage yadin mutane a ɓoye, a ce an ɗaure birkin babur alhali ba a ɗaure ba, a bar ƙaramin yaro kusa da tafasasshen mai. Waɗannan ba a ciniki a kansu, kuma yaron da ya zo jiya da wanda ya daɗe hukuncinsu ɗaya. Ba su da yawa. In ka lissafa suka wuce yatsun hannu ɗaya, to ka cusa waɗanda ba nan ne gidansu ba. Lura da kyau: ɓoye kuskure yana cikin wannan gida, amma yin kuskuren ba ya ciki.

Akwai na hannun da bai faɗa ba tukuna. Ɗinki ya karkace, wuyan riga ya tattare, tuwo ya yi gudaji, harafi ya sha tawada har ya cushe. Wannan kuɗin koyo ne, kowa ya biya shi, har da kai. Maganinsa maimaici da gyara, tsawa ba ta ƙara masa sauri.

Na uku shi ne wanda manya ba sa son a taɓo, wato son ranka. Kai ka saba fara haɗa riga ta kafaɗa, shi ya fara ta wani wajen, kuma rigar ta fito daidai. Ke kin saba daka daddawa da barkono tare, amaryar ɗanki daban-daban take zuba su, kuma miyar ta yi daɗi. Nan babu kuskure, bambancin hannu ne kawai. Abin da zai raba maka gardama shi ne ka tambayi kanka: in mai kaya ya karɓa, zai ga aibi? Zai yage, zai cutar, zai jawo asara? In amsar a'a ce, ja bakinka. Masu yawan faɗa a gida na uku muryarsu take ƙarewa, sai ranar da aka taɓa amana su nemi tsawar da za ta girgiza yaro su rasa, don kunnensa ya riga ya saba.

Mataki na biyu: nuna, kada ka ce "yi da kyau"

Kyan da ke cikin kanka yaro ba ya ganinsa. Ɗauko aikin da ya kai yadda kake so, wuyan kaftani ɗaya, ko jakar fata ɗaya, ko shafin kaye ɗaya, ka rataye inda kowa zai gani. Sannan ka mai da kyan abin da ido ko yatsa zai iya aunawa: kalmasa faɗin yatsa ɗaya daga farko har ƙarshe, zare kada ya yi lilo ta ciki, aljihun dama da na hagu su faɗa wuri ɗaya idan an ninke rigar biyu. Abu uku ya isa a wuni.

Faɗi dalili ko da a taƙaice. "Ana maimaita ɗinki a bakin aljihu saboda nan hannu yake ja kullum." Yaron da ya san dalili zai kama kansa ranar da ka tafi Mirya ta'aziyya, wanda bai sani ba idonka kawai yake tsoro.

Sai ka kiyayi "to". An tarbiyyantar da yaranmu kada su ce wa babba ba su gane ba, don haka in ka ce "Ka gane?" sunkuyar da kai zai yi ya ce "To, Maigida", ko ya gane ko bai gane ba. Bar yin wannan tambaya. Ce masa, "Yi ɗaya in gani," ka tsaya har ya gama.

Mataki na uku: rage yawa, kada ka rage inganci

Tsangaya ta daɗe da gano bakin zaren wannan al'amari. Kolo yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, sannan gajerun surori. Abin da ake rubuta masa a allo ɗan kaɗan ne, layi biyu ko uku, amma a cikin wannan kaɗan ba a yafe masa wasali ɗaya. Ba zai wanke allo ba sai ya biya daidai, ba a yi masa ƙari sai ya wanke. Da haka ake tafiya har izu 60. Malam bai taɓa sassauta ƙa'idar karatu ba. Abin da yake aunawa shi ne yawan abin da zai ɗora wa yaro a zama ɗaya.

Tsarin nake yabo, ban da dorina. Hadisin da Nana A'isha ta ruwaito ya ce wanda yake karanta Alƙur'ani yana in'ina, yana shan wuya a kansa, lada biyu gare shi. Wanda aka yi wa alkawarin lada biyu ban ga dalilin da zai sa a biya shi da bulala ba.

Magina irin waɗanda suka tayar da gidajen Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ma haka suke yi. Yaro zai daɗe yana kwaɓa ƙasa, yana mulmula tubali, yana cilla wa na sama, kafin a bar shi ya ɗora. Zai daɗe yana ɗorawa da yaɓe kafin hannunsa ya kai ga zanen fuskar gida. Kai ma jera matakan sana'arka, ka gaya wa yaro jerin tun ranar da aka kawo shi, don ya san ba manta shi aka yi a inda yake ba. A shagon ɗinki jerin yakan zama guga, maɓalli, ƙubakar wando, kalmasa, haɗa hannu, wuya, sai yanka a ƙarshe.

Ga yadda za ka san awonka ya yi daidai. Ba shi aikin da zai ci mafi yawansa, ya ɗan yi tuntuɓe a sauran. In kullum yana kawowa babu abin gyara, ka tsare shi a baya, ƙara masa. Yaro mai hannu da aka bari a kan dutsen guga shekara guda ko dai ya gudu, ko ya zauna zuciyarsa ta mutu. In kuwa ya yi goma bakwai suka lalace, awonka ne ya yi yawa, mai da shi baya taki ɗaya ba tare da ka mai da abin horo ba. Kuma kada ka gwada shi da hannunka na yau. Gwada shi da hannunka na lokacin da kake wata shida a kan keke, in har za ka iya tunawa da gaskiya.

Mataki na huɗu: tanadi wurin ɓarna

Ba a koyon yanka a kan shaddar ango. Tara guntayen ƙyalle, takardar buhun siminti, tsohuwar rigar da za a farke a sake haɗawa. Baduku yana da ƴan guntayen fata, bakanike yana da mataccen injin da ke yashe a bayan gareji, uwa tana da ranar da ba a yi baƙi ba. A nan ake sakin yaro ya ɓata son ransa, kuma ka gaya masa a fili cewa don a ɓata aka ajiye su.

Idan ya fara taɓa kayan mutane, nemo wurin da aiki ba ya komawa baya ka tsaya a nan. Kowace sana'a tana da shi. Ɗinki ana farkewa, yanka ba a mayarwa. Fata a majema in ta wuce lokacinta a ruwan toka ta tafi ke nan. Gishiri ana ƙarawa, ba a cirewa. To, maimakon ka tsaya a kansa tun safe kana ƙirga numfashinsa, kafa doka ɗaya: "Ka auna, ka zana da alli, amma kada ka sa almakashi sai na gani." Sauran aikin ka ba shi baya. Wannan dubawa ta minti ɗaya ta fi gadin wuni guda amfani, kuma tana barin yaro ya ji aikin nasa ne.

Sai doka ta biyu, wadda ita ce ginshiƙin komai. Tara su ka ce: "Wanda ya kawo mini kuskurensa da kansa, gyara za mu yi, magana ta ƙare. Wanda na gano da kaina bayan ya ɓoye, wannan magana ce daban." Ka sani fa za a gwada ka. Ranar farko da wani ya ɗauko ɓarnarsa ya kawo, duk shagon kunne ne, ko da kowa ya yi kamar yana aikinsa. In ka fashe da faɗa a ranar, ka rufe ƙofar, kuma da wuya ta sake buɗuwa. Ɓarnar koyo kuma kada ka cire ta daga ɗan kuɗin abincin yaro. Saka ta cikin lissafin shago tun farko, yadda kake saka zare da allurar da ke karyewa. In kai ma ɗinkinka ya karkace, farke shi a gabansu, kada ka juya baya.

Mataki na biyar: gyaran kansa

A nan mafi yawan masu kyakkyawar niyya suke zamewa, don haka bari in daɗe.

Fara da lokaci da wuri. Ba a gaban mai kaya ba, ba a gaban ƙannensa ba, ba kuma dab da shan ruwa ba, lokacin da kai da shi duk yunwa ta ɗaure muku fuska. Mai kaya in yana tsaye, kai ne za ka ɗauki laifin, domin shagonka ne: "Alhaji, a yi haƙuri, daga wajenmu ne, gobe bayan azahar in sha Allahu." Yaron yana ji, kuma ya san ka rufa masa asiri. Rabin gyaran ya riga ya shiga.

Bayan an watse, kira shi gefe, ka shimfiɗa aikin tsakaninku. Kada ka fara da faɗa masa aibin, bar shi ya nemo.

"Zo nan. Ɗauko wancan na jikin ƙusa, ajiye kusa da naka. Me ka gani?"

Zai yi shiru, yana murza gefen rigarsa. Jira. Shirun yana da nauyi, amma kada ka cike masa shi.

"Nawa ya tattare ta hagu, Maigida."

"Madalla, idonka ya gani. Me ya jawo?"

"Ina jin na ja na sama da yawa."

"Shi ne. Na san hannunka ya wuce wannan, shi ya sa ba zan karɓa ba. Farke daga nan zuwa nan kawai, sauran ya yi. Ka kawo mini kafin la'asar."

Duba abin da ya faru a ƴan kalmomin nan. Ba a karɓi aikin ba, ma'auni yana nan inda yake. Yaro ne ya gano aibin da bakinsa, wato idonsa ya fara zama irin naka, kuma wannan shi ne ainihin abin da kake koya masa. An gaya masa iyakar inda ya lalace, don kada ya ɗauka duka banza ne. An kuma haɗa ƙin karɓa da dalilinsa: don an san zai iya. Wannan haɗi yana da ƙarfi fiye da yadda ake zato. A 2014 David Yeager da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike da suka yi a makarantun Amurka. Ɗalibai sun yi rubutu, malamai suka yi musu gyara kamar kullum, sai aka maƙala wa wasunsu ƴar takarda mai cewa malam ya yi waɗannan gyare-gyare ne don yana da babban buri a kansu kuma ya san za su iya kaiwa. Waɗanda suka samu takardar sun fi sauran komawa su gyara rubutun su sake miƙawa. Gyaran iri ɗaya ne, abin da yaro ya fahimta game da niyyar mai gyaran ne ya bambanta.

Abu ɗaya ake gyarawa a zama ɗaya. Ko ka ga aibi biyar, ɗauki wanda ya fi tsada, sauran su jira gobe. Kuma kada ka fizge aikin ka ce "kawo nan, ni in yi". Na san ya fi sauri, musamman a cikin rububin Sallah, amma duk ranar da ka fizge ka sayi sauri da kuɗin wata ranar, don gobe ma kai za ka yi.

Magana ta tsaya a kan aiki. "Wuyan nan ya tattare" abu ne da allura za ta gyara. "Daƙiƙi", "jaki", "ba za ka taɓa zama komai ba", "halin gidanku ne", waɗannan babu allurar da ke gyara su, kuma yaro ba ya fita da komai daga cikinsu sai tabo. Iyaye su fi kowa kiyayewa, tunda mu da kanmu muke cewa bakin uwa da uba ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mun yarda da wannan idan ana maganar albarka, sai mu manta da shi idan rai ya ɓaci.

In ya gyara ya kawo, duba da gaske, ka ce ya yi, ka binne maganar. Ban da "ko bara ma haka ka yi". Anas ɗan Malik ya ce ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, bai taɓa ce masa tir ba, bai kuma taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Ba za mu kai nan ba, amma aƙalla tsohon laifin da aka riga aka biya kada a riƙa tono shi.

Mataki na shida: yabo, a gidan da ake jin kunyar yabo

Da yawanmu mun tashi ba mu taɓa jin uba ya ce "ka yi ƙoƙari" ba. Akwai kunyar ɗan fari, akwai tsoron kada yaro ya yi girman kai, akwai tsoron baki. Ba sai ka zubar da al'adarka ba kafin ka yaba. Shirun ne kawai bai isa ba, don in gyara yana fitowa da murya, yabo kuwa a zuci yake tsayawa, abin da yaro zai lissafa shi ne bai taɓa yin daidai ba.

"Allah ya yi albarka" da aka faɗa ana kallon aikin ya isa, in ka ɗora masa abin da ka gani: "Kalmasar nan ta miƙe tun daga sama har ƙasa." Uwar da ba ta iya yabon ƴar farinta ido da ido tana iya gaya wa goggon yarinyar, a inda ta san maganar za ta koma. Maigida yana iya tsayar da uban yaro a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, yaron nan hannunsa ya fara faɗawa." Kafin magariba ta isa gida. Mafi ƙarfin yabo kuma ba da baki ake yin sa ba: ranar da ka miƙa masa almakashi ka ce "yanka", ko ka aike shi Kasuwar Dole ya zaɓo zare da idonsa, ya ji abin da kake nufi.

Yabi abin da ya yi, kada ka naɗa masa rawani. A wani bincike da Claudia Mueller da Carol Dweck suka wallafa a 1998, an yabi wasu yara da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma da cewa sun yi ƙoƙari. Da aiki ya yi wuya, waɗanda aka yaba da ƙwaƙwalwa sun fi saurin karaya, sun fi zaɓar aiki mai sauƙi, kuma sun fi ƙara wa makinsu gishiri idan za su faɗa wa wasu. Ka ga ke nan yabo ma yana iya koya wa yaro ɓoye kuskure, in ka ɗora masa sunan "gwani" da zai riƙa tsoron kada ya faɗi. Sannan kada kowane yabo ya zo da wutsiyar "amma". In kullum haka kake yi, yaro zai daina jin rabin farko, ya tsaya jiran na biyu.

Ranar da takardar lakwal ta zo gida

Yaro ya kawo 14 cikin 20, uba ya ce, "Ina sauran shidan?" A tsarin makin da muka gada daga Faransa 10 ne ake wucewa da shi, kuma ko a BAC, jarrabawar gama sakandare, daga 12 ake fara samun yabo na musamman, 14 ya fi shi, 16 kuwa sai ɗaiɗaiku. Ga shi kuma yaron da Faransanci yake karatun, harshen da ba da shi ake magana a tsakar gidanku ba. Uban da bai san wannan ba zai yi ta neman abin da ko mushen bai saba bayarwa ba.

Matsayi a aji ma kada ya zama shi ne ma'auninka, tunda ko aji ya kai mutum nawa, ɗaya ne zai zo na ɗaya. Ajiye takardar wancan zango, ka shimfiɗa ta kusa da ta yau. Fara da darasin da ya hau, ka tambaye shi me ya canja. Sannan ku zaɓi darasi ɗaya da ya sauka, ku sa masa abin da za a iya gani: lissafi daga 7 zuwa 9 kafin zango mai zuwa, ta hanyar aiki biyu kowane dare bayan isha'i. Ko ba ka yi boko ba kana iya buɗe kaye ka ga ko an rubuta, ka ga inda jan bik ya yi yawa, ka je ka gaisa da mushe sau ɗaya a zango. Ɗan maƙwabci kuwa a bar shi a gidansu.

Kuma buri yana da kuɗinsa. A garin da ruwa yake wahala irin namu, yarinyar da ta tashi tun asuba tana layin famfo, ta dawo ta yi shara, ta goya ƙaninta, ba adalci ba ne a tsare ta da maganar jarrabawar BEPC ta gama kwaleji da dare tana gyangyaɗi. In kina son sakamako, ki sayo mata lokaci: awa ɗaya da ba a aikenta, fitila mai caji, da wanda zai karɓi tulun a watannin jarrabawa.

In an yi duk wannan abu bai motsa ba

Yakan faru. Kafin ka yanke cewa lalaci ne, bincika abubuwan da yaro ba zai faɗa da bakinsa ba. Wanda kullum layinsa yake karkacewa, ko yake daɗewa wajen zura zare, ko yake kwafar allon aji ba daidai ba, a kai shi a duba idonsa. Wanda hankalinsa yake tafiya da hantsi, tambayi ko ya karya. Wanda ya lalace farat ɗaya bayan yana yi da kyau, akwai abin da ya faru a gida ko a unguwa, kuma babban yaron shago ya fi ka saurin jin labarin.

In ba ko ɗaya, zaunar da shi ka sa wa'adi mai iyaka da abu mai suna: "Daga ƙaramar Sallah zuwa babba wata biyu ne da kwana goma. A cikinsu ina so ƙubaka da kalmasa su fita daga hannunka ba sai na duba ba. Duk Juma'a za mu zauna mu gani." Sanar da wanda ya kawo shi tun a ranar, kada ya ji daga baya. Ka kuma cika naka ɓangaren, zaman Juma'ar nan kada ya zama sai ka tuna.

Wa'adi in ya cika babu canji, riƙe shi yana guga shekara da shekaru ba tausayi ba ne. Kafin ka sallame shi, tuna abin da ka ga yana yi ba a sa shi ba. Wani yaron da keke ya gagara shi ne yake kwance shi ya gyara in ya tsaya. Wani shi ne masu kaya suke nema don ya iya magana kuma ba ya manta lissafi. Da wannan za ka je wurin ubansa, kai da kanka, ba aike ba: "Malam, na riƙe yaron nan da amana, ban same shi da ƙarya ko ɗauke-ɗauke ba. Ɗinki dai bai karɓe shi ba, amma na ga hannunsa a ƙarfe. Akwai wani mai gareji a Zango da muke mutunci, in ka amince ni zan kai shi." In uban ya amince, ka kai shi da ƙafarka, ka faɗi alherinsa a gabansa, ka kuma gaya wa sabon maigidan inda yake da rauni a bayan idonsa.